Yadda Latin Ta Cinye Rumfar Baffa

Lokacin da muke shirin jarrabawar JAMB, wani malaminmu a Madobi ya ce mu daina wahalar haddace ƙamus, mu kama saiwa. Fiye da rabin kalmomin Turanci, in ji shi, aro ne daga Latin da Faransanci, yawanci bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. In ka ga cide a wutsiyar kalma, kisa ne. In ka ga in a goshinta, an kore ma'anar ke nan: visible ana gani, invisible ba a gani.

Da wannan guzuri na sauka gonar rani ta Baffa, wajen Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke biyo kanal. Ƙwarin tumatir na 2016 sun bar wa manoma tabo, don haka kowa ya tara magunguna a rumfarsa. Ni kuwa sai ga kasuwa ta buɗe mini. Herbicide, na ce, mai kashe ciyawa. Insecticide, mai kashe ƙwari. Fungicide ma ban bar shi ba. Har maƙwabta daga ɓangaren Bunkure suka riƙa kawo mini kwalabe, ina fassarawa ina gyara hula.

Wata asubar hunturu Baffa ya hura wuta a bakin rumfa zai dafa shayi. Ya nuna wani galan da ke gefe.

"Kai ɗan boko, wannan jan rubutun fa? Ko mu matsar da shi?"

Na duba: inflammable. Flame wuta, in kuma ga shi a goshi ƙiri-ƙiri.

"Baffa, ku kwantar da hankalinku. Cewa suka yi wuta ba ta kama shi. Ko murhu kuka yi da shi, lafiya lau."

Allah ya sa bai yi murhun ba, kusa dai ya bar shi, baki a buɗe. Iska ta kaɗo tartsatsi. Ban san Baffa na da gudu ba sai ranar. Ya riga ni faɗawa kanal, da carbinsa a hannu. Rumfar kara ta tafi, da kwandunan da za a kai kasuwar Kwanar Gafan, da tiyon injin ban ruwa.

Washegari na je wa malam da ƙorafi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai in ɗin biyu ne, kamar Hasana da Usaina: ɗaya tana korewa, ɗaya tana nufin "cikin". Kalmar jikin galan ɗin daga inflammare take, wato cinna wuta. Turawan ma sun sha ruɗewa, shi ya sa masu harkar kashe gobara suka fi son a rubuta flammable. To, masu harshen sun kasa raba tagwayensu, ni ɗan Madobi ne zan raba?

Ni na yi jigilar karan sabuwar rumfa a ka. Yanzu ko kwalin ashana Baffa zai sa a karanta masa, autansa na aji huɗu yake kira, ina tsaye.