Zuwa ga Bazazzagiya Mai Koren Hannu

Baiwata ta Zariya, ina gajiyar biki? Tun motarku ba ta wuce Kwanar Dangora ba labari ya gama zaga gida, wai awarwaron gwal ɗin nan da kika yi ta kaɗa wa mutane a wurin kamu ya bar miki zane kore shar a wuyan hannu. An ce har kin fara zargin maƙiya, kina neman a yi miki rubutu. Ki adana kuɗin sadakarki. Ba sammu ba ne, tagulla ce. Jan ƙarfen da ke cikinta idan ya gamu da gumi da man shafawa kore yake fitarwa, ruwan gwal ɗin da aka shafa mata kuwa bai kai kaurin ɓawon albasa ba, rawa ɗaya ta isa ta kankare shi.

Ke da kike garin ilimi, ga Jami'ar Ahmadu Bello a bayan gidanku tun 1962, a ce mai tallar tire ya sayar miki da gwal ba sikeli? Mu nan ko yarinyar da ba ta gama haddar izu ɗaya ba ta san gwal da giram ake sayensa. Kafin ki taya, ki juya cikin awarwaron ki duba hatimi: 750 shi ne karat 18, 875 karat 21, irin wanda alhazai suka fi tsarabarsa daga Saudiyya, 916 kuma karat 22. Hatimin ma ana buga na ƙarya, shi ya sa mai shagon kirki zai goga shi a baƙin dutse a gabanki, ya ɗiga ruwan gwaji, ki ga ko zanen zai tsaya ko zai ɓace. Na ji kin ce ai kin kara masa maganaɗisu bai kama ba. Allah sarki! Tagulla ma ba ta kama maganaɗisu, ƙarfe kawai yake tona wa asiri. Sannan ki karɓi rasit mai nauyi da karat a rubuce, don gwal a hannun mace ajiya ce, ranar da ta ɓaci shi ake kwancewa. Naki idan ta ɓaci, sai dai mai gwangwan.

Kada ki ce na raina tagulla. Wadda ta fito a tagullarta ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Mundayen kakanninmu da ita maƙeran fari suka yi ta ƙera su, masu nauyi, har a gaji da su a bar wa jikoki. A Bida har yau ana aikinta, can kuma masu aikin gilashi na Masaga ke narka kwalabe su fitar da ƙarau shuɗi da kore da ruwan ƙasa. Ga azurfar maƙeran Agadas mai zane siriri, wadda ko ɗaya kika saka ta wadatar. Ni a wurina munduwar tagulla da aka goge da lemon tsami da toka ta fi gwal ɗin bogi guda goma kwarjini. Amma kul, kada ki ɗauki tokar nan ki nufi naki mai ruwan gwal, abin da ya yi saura ma zai bi ruwa.

Sai maganar sakawa, nan ne kika fi ba ni dariya. Kin jera ƙarau da na ƙarfe da na duwatsu tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu, kina tafe ana jin ki tun daga zaure, jaririn amaryar bara ya farka sau nawa saboda ke. Ko da na gasken ne kika samu, gwal mai yawan karat taushi gare shi, ƙarfe da gilashi suna gogarsa suna cinye masa ƙyalli. Ki raba musu hannu, ko ki raba musu rana. Kuma ki daina sayen wanda sai an sa miki leda da sabulu, mutum biyu suna ja, kafin ya wuce. Hannu yana kumbura da zafi, ranar da ya ƙi fita maƙeri za a kira da almakashi.

Na san halinki da humra, sai kin gama saka komai sannan ki yi wanka da ita. A juye ake yi: mai da turare su fara, su bushe, abin hannu ya zo ƙarshe, kuma shi ne farkon cirewa. Ba a tuƙin tuwo da shi, ba a wanki da shi, ruwan bilic har gwal na gaske yake yi wa illa. Azurfa ba ta shiri da ƙwai da albasa, baƙi take yi, in kuma ba sakawa za ki yi ba ki goge ta ki ƙulle a 'yar leda, iska ma dusar da ita take. Gwal ruwan ɗumi da ɗan sabulu da tsohon buroshi mai laushi sun ishe shi. Kowanne a naɗe shi a ƙyallensa daban, ba a watsa su cikin gwangwanin alawa tare da allura da makullin kwaba ba, kamar yadda majiyata ta tabbatar mini kina yi.

In kin shirya ki shigo Kano in kai ki Kasuwar Kurmi, mu fara da azurfa daidai ƙarfinki, ni zan yi ciniki ke ki yi shiru, don da kin buɗe baki za a san daga inda kika fito a ninka kuɗin. Ki haɗo da kuɗin sharata na bara da na bana, kuma ki riƙe na motar komawa daban, ba na ba Bazazzagiya bashi.