Babi na Uku da Mutanensa

Kudancin Kano ya faɗo tsakanin jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello a Zariya, ga ta Wudil daga gefe. Shi ya sa da an kammala darasin dabarun bincike, masu neman digiri na biyu da na digirgir suke kwararowa Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kowa da jakarsa, neman abin cika kundi. A aji gida biyu aka raba su, masu ƙirga da masu saurare. Da sun sauka daga mota sai ka ga sun fi haka yawa.

Ga Malam Ƙididdiga. Duk inda ya dosa mutum 384 yake nema, don haka jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ya ce. Idan almajirin Yamane ne, 400. Ko noman shinkafa yake bi a Tudun Wada, ko haƙar kuza a Riruwai, adadin yana nan daram. Yawan jama'a kuwa daga ƙidayar 2006 yake ɗaukowa, ya hura mata iska da lissafi, tunda ba a sake wata ba. Makaminsa ma'aunin Likert mai hawa biyar, daga "na yarda ƙwarai" har "sam ban yarda ba". Sai ya tsaya a kan manomi ya ce, "Baba, taki yana isowa a kan lokaci. Ka yarda ƙwarai, ko ka yarda kawai?" Baba ya ce, "To ɗana, sai godiya." Malam ya duba gidajen nan biyar, babu na godiya, sai ya jefa dattijo a na tsakiya. A bakin dajin Falgore ya tambayi Bafulatani yawan shanunsa. Mutanen da kakanninsu suka sha jangali! Aka ce masa 'yan kaɗan ne, su ma na mutane ne.

Abokin gabarsa shi ne Mai Rikoda, wanda kullum yake cewa ɗan Adam ba lamba ba ne. Ya tara mutum takwas a zauren dagaci a ƙasar Ƙiru, wai tattaunawar rukuni, inda littafi ya ce kowa zai faɗi ra'ayinsa ba tsoro. Dagaci ya yi magana, sauran bakwai suka ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." Ya dawo da muryar awa uku: gaisuwa, ta'aziyyar wanda ya rasu bara, carar zakara, sai injin niƙa da ya cinye wurin da aka faɗi abu mai amfani. Ƙa'idarsu ta ce ka ci gaba da hira har sai ka daina jin sabon abu. Ikon Allah, shi ranar da kuɗin mota ya ƙare yake daina ji.

Akwai Jemage, ba tsuntsu ba, ba dabba ba. Ya ji an ce haɗa hanyoyin biyu shi ake yayi, ya rubuta haka a babi na uku na kundinsa, babin dabarun bincike. Takardu ɗari huɗu, hira da mutum ɗaya, shi ma ƙanen mahaifiyarsa ne.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Na Kwanar Dangora. Kundinsa ya ce ya shiga ƙauyukan Doguwa lungu-lungu, alhali nan kwana ya sauka, inda hanyar Tudun Wada ta rabu da ta Zariya, ya samu bencin mai shayi. Biro uku yake riƙewa, shuɗi da baƙi da ja, wani lokaci ya koma hannun hagu don rubutu ya bambanta. Sakamakonsa ya fi na kowa tsafta. Ana neman ma'aunin Cronbach ya kai 0.7, nasa 0.98, domin duk mutanensa ra'ayinsu ɗaya, kai ɗaya suka kwana a ciki. Yaron shagon kwamfuta ne yake zuba masa su a SPSS, ya tambaye shi, "Yallaɓai, kana so ya fito ƙasa da 0.05 ko sama?" Ranar kare kundi, idan aka ce ya bayyana ma'anar 0.05 ɗin, sai ya buɗe gorar ruwa ya sha, ya sake sha.

Ita kuwa Malama Mai Shiga Gida, ba ta da hayaniya. Inda aka rubuta "ba shiga" a ƙofa, maza masu bincike nan suke tsayawa, maigida ya amsa tambayar da aka yi wa matarsa. Ita sai ta yi sallama ta wuce, ta zauna ana gyaran shinkafa, ta ji waye yake adashi, wace ce ta sayar da tunkiya ta biya kuɗin asibiti. Sannan a zauren jami'a wani ya ɗaga gira ya ce, "Mata goma sha biyu kacal?" Da ni ne da na tuna masa Mary Smith, wadda ta zauna da tsohuwa ɗaya tak a Giwa a 1949 zuwa 1950, aka samu littafin Baba of Karo a 1954, har yau ana karanta shi.

Amma gwanin gwanaye ba ɗalibi ba ne. Dattijon bakin madatsar Tiga ne, wanda tun da aka gama dam ɗin a 1974 ake zuwa ana tambayarsa: masu ruwa, masu kifi, masu sauro, masu noman rani. Kafin ka zauna zai ce, "Ɗana, naka na cikewa ne ko na hira?" Idan ya jiyo ƙamshin tallafi, akuyarsa ɗaya ce, ita ma ba lafiya. Ka gama, ka karanta masa ƙa'idar sirri, cewa ba za a rubuta sunansa a ko'ina ba. Sai ya gyara zama ya riƙe maka takarda. "A'a, rubuta. In babu sunana, wa za a kawo wa takin?"