Cinikin Tsohon Gidan Gona

A shekarar 1980, lokacin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ɗaga tutar bunƙasa noma, bayan ta Janar Obasanjo ta riga ta cika mana kunne tun 1976 da kiran kowa ya tashi ya ciyar da ƙasa, har ya zamana akawun da bai taɓa riƙa fartanya ba ba shi da zance a ofis sai na takin zamani da irin masara, a wannan shekara ce na ajiye aikin gwamnati, aka danƙa mini garatutina a dunƙule, zuciyata kuwa ta raya mini cewa mutum mai shekaruna da matsayina bai dace ya ƙare kwanakinsa a gidan haya cikin hayaniyar Kaduna ba, alhali ga karkarar Zazzau nan shimfiɗe tana jiran masu himma.

Ban nemi dillali ba, shi ya neme ni, domin ƙamshin garatuti yana isa hancinsu kafin takarda ta bar baitulmali. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani tsohon gida, asalinsa rinji ne na wani basarake, zaurensa ɗaurin guga, ga soro, ga rumbuna, ga turken dawaki, ga rijiya, ga gona har da fadama, ɗorawa da kuka kuwa sai ka ƙirga ka gaji." Da ya ga idona ya kawo haske sai ya sassauta murya ya ƙara da cewa almajirin Babban Gwani ne ya gina shi, wato Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Daga baya na lura ba wani soro a ƙasar Zazzau da rufinsa ya kusa zubowa face an jingina shi ga almajiran wannan bawan Allah, waɗanda in an tara su lalle sun fi rundunar sarki yawa.

Uwargida ta saurari bayanina har ƙarshe, sa'an nan ta ce, "Malam, in gidan ya kai haka, me ya fitar da masu shi?" Na amsa mata da cewa sha'anin tarihi ba kowa ke gane ƙimarsa ba.

Gaskiya ita ce zauren abin kallo ne. Bakan gizonsa sun tashi daga bango sun haɗu a tsakiya, azarar giginya tana nan jere, gara ta gwada ta ta haƙura, a ciki kuma akwai sanyin da ginin siminti da kwano ba zai taɓa bayarwa ba ko da an rataya masa fanka goma. Jemagu ne kawai suka riga ni tarewa. Aka yi ciniki gaban dagaci, magada uku maza suna zaune, shaidu adilai suna kallo, dagaci ya fara da tunatar da mu cewa tun dokar watan Maris na 1978 ƙasa amana ce a hannun gwamna, saboda haka abin da ake sayarwa gini ne da gumin da aka zuba, kalmar da na ɗauka ƙa'ida ce kawai ta masu sarauta. Na taya, aka ce albarka, na ƙara, aka sallama, aka yi fatiha, dillali ya karɓi la'adarsa ya hau keke.

Tun asubar farko na fara sanin haƙiƙanin abin da na mallaka. Ƙarar guga ce ta tashe ni, na leƙa sai ga matan gari da 'yammata sun yi layi a tsakar gidana, da na nemi bayani aka ce rijiyar wakafi ce, kakan magada ya haƙa ta sadaka mai gudana, ba ta cikin tarika balle a sayar. Fadama kuwa an jinginar da ita tun farin 1973, wanda ke riƙe da ita ya gaishe ni cikin ladabi daga cikin rakensa, har ya sara mini guda. Abin da na zaci hanyar mota ce ta ratsa gona ashe burtali ne, garke na bi safe da yamma. Kukar ma akwai amyar wani a kanta, ban da waɗansu mazauna da mutanen gari ba sa ambaton sunansu bayan magariba.

Ɗorawar ce ta fi ƙona mini rai, domin a al'adar ƙasar nan ana iya mallakar gona a bar itace ga wani. Da maginin da na kira ya ce bangon yana bukatar makuba, wadda da ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake yin ta, sai na yi murmushi na nuna masa bishiyoyina, ban rufe baki ba wata tsohuwa ta ɓullo da sanda ta ce, "Ɗan nan, waɗannan rabona ne daga ubana, kalwarsu nake daddawa da ita tun ba a haife ka ba." Bilhasali dai sai da na sayi ɓawon itacen da ke tsaye cikin gonata, a farashin da ta yanke, ta kuma ƙi ragi.

Saura rumbuna, waɗanda na ƙudura a raina cewa su kam nawa ne. Akwai wata rufewa babba ta yumɓu, bakinta a sama, wadda dillali ya ce a zamanin da dawar shekara uku take ci. Na sa tsani na hau da babbar riga, na ɗaga murfi, na sunkuya don in ga zurfinta, sai hulata ta faɗa, na miƙa hannu in cafe ta, sauran jikina ya bi hular, in ban da tumbina, wanda shekarun zaman kujera suka yi wa hidima, shi ya tsaya a bakin rufewar ya toshe ta kamar marfin tulu. Kaina a ƙasa cikin duhu da ƙurar tsohon ƙaiƙayi, ƙafafuna a sama suna harbin iska, na karanta duk abin da ya zo bakina, na fara da Ayatul Kursiyyu na ƙare da kiran sunan magini. Masu ɗiban ruwa suka taru. Aka yi shawara mai tsawo a kan ko a ja ko a tura, wani ya ce a fasa bakin, sai na ji muryar tsohuwar nan tana rantsuwa ba mai taɓa rufewar, domin ita ma tata ce. Da man gyaɗa aka zare ni, aka kuma sa kuɗinsa cikin lissafina.

Duk da haka na daure. Aka sauya azarar da ta tsage, aka yi wa rufi laso da katsin marina, aka sa sababbin indararo, aka tayar da zankwayen da suka karye, har gidan ya fito fes, matafiya suna tsayawa kallo, garatuti kuwa ya koma labari.

Ana cikin kaka sai ga wani dattijo siriri da farin rawani da akwatin ƙarfe ya yi sallama, yana Hausa mai gauraye da Larabci, ya zauna a zaure ya shafa bango ya fashe da kuka. Na tausaya masa, na sa aka kawo fura. Sai da ya sha ya yi hamdala, sa'an nan ya bayyana cewa shi ne babban wan magadan nan, wanda ya tafi hajji a ƙasa tun yana saurayi, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya zauna a Maiwurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, yana tsinkar auduga a gonakin Jazira, 'yan'uwa kuwa sun daɗe da yi masa addu'ar mamata.

Muka gurfana gaban alƙali, na ce, "Allah ya gafarta Malam, na saya da shaidu, na biya lakadan." Ya ce bai musa ba, sai dai ƙannen sun sayar har da rabon da ba nasu ba, wannan mai shi zai karɓa da istihƙaƙi; ragowar kuma yana da haƙƙin shufa'a, wato abokin tarayya a gidan da ba a raba ba ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓe. Na ce ai an daɗe. Ya buɗe Risala ya fassara mini cewa wanda ke gari ne haƙƙinsa ke faɗuwa bayan shekara, ga'ibi kuwa yana kan haƙƙinsa komai tsawon ɓatansa. Wannan babi na karanta shi a zaure ina yaro, na tuna sarai ranar, domin gyangyaɗi nake yi. Alƙali ya lallashe ni da cewa galla tawa ce, ma'ana amfanin gonar bana, wanda bayan shanun burtali sun fitar da nasu ushirin bai cika jaki biyu ba. Game da gyara aka naɗa masu ƙima, cikinsu har da mai raken fadama, suka zagaya gidan cikin natsuwa suka ce yaɓe ai ba gini ba ne.

Dattijo ya kwance ɗamararsa ya ƙirgo kuɗin da fam na Sudan, na sha wahalar canji a Kano, na koma Kaduna gidan haya, uwargida kuwa, Allah ya saka mata, ba ta ce komai ba sai sannu da zuwa, amma ta faɗe ta sau uku.

Bayan sallar layya dillali ya sake sallama. Ya ce dattijon ya kasa sabawa da tuwon dawa, zai koma wurin iyalinsa, gidan yana kasuwa, kuɗinsa ya ɗan hau saboda sabon rufi, amma ya ga bai kamata wani ya ji kafin ni ba. Na tambaye shi ko akwai sauran ga'ibi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, babu ko ɗaya, sai dai wata ƙanwarsu da aka aurar a Fort Lamy, ita kuwa an daɗe ba a ji ɗuriyarta ba."