Masu Koyon Zanen Shafin Intanet a Birnin Dikko

Duk wanda ya ce maka rashin kayan karatu ne ya hana shi iya zana shafin intanet a Katsina, ka yi masa murmushi kawai. W3Schools yana nan tun 1998, freeCodeCamp tun 2014, ga kundin MDN na Mozilla, duk ba a biyan ko sisi sai kuɗin data. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaro shirin 3MTT, mai burin horar da mutum miliyan uku. Abinci dai ya wadata, masu cin ne kala-kala.

Akwai Ma'aji. Shi ne mai sayen datar dare, ya kafa wa waya ido har kiran assalatu yana sauke darussan Indiyawan YouTube. Ya cika memori biyu, ya jera komai a folda: HTML daban, CSS daban, JavaScript kashi na ɗaya zuwa na arba'in. Tambaye shi abin da ya gina, sai ya ce, "Ai so nake in gama tarawa tukuna." Na samu darussa masu kyau a wajensa, Allah ya saka masa, amma shi kansa bai wuce bidiyo na uku ba.

Abokinsa Mai Satifiket ya fi shi motsi. Duk kwas ɗin da aka ce akwai takarda a ƙarshensa, da shi za a yi. Ka ce ya sa akwati a tsakiyar shafi, sai ya tuna ana jiransa a Ƙofar Ƙaura.

Wanda ya fi cin raina shi ne Sarkin Launi. Wani Alhaji mai shagon atamfa ya ba shi aikin shafi, ya shimfiɗa kore a baya, ya yi rubutu da ja, ya kewaye da ruwan ɗorawa, sunan shagon kuma yana tsalle yana ƙyalli. Ka gaya masa ƙa'idar WCAG ta ce bambancin hasken rubutu da na bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, sai ya ce, "Malam, Alhaji ne ya ce ya haska." Gaskiyarsa kuma, Alhajin ya biya har da tukuici. Kishiyar Sarkin Launi kuwa shi ne wanda ya leƙa shafin Apple sau ɗaya ya dawo da aƙida: fari fat, rubutu siriri mai ruwan toka. A ɗakinsa mai labule abin gwanin kyau. Ka fito da wayar bakin kasuwa da azahar a watan Afrilu, ba abin da za ka gani a gilashin sai fuskarka.

Ɗan Tsallake kuwa ba ya son ƙananan abubuwa. Ya ji an ce React, wanda Facebook ya fitar a 2013, shi ke kawo dala, sai ya haye HTML da CSS ya dira can. Kwamfutarsa tana nishi, wuta ta ɗauke, batiri ya mutu, maɓalli ɗaya bai fito ba. Ɗan Figma shi ba ya taɓa kod sam. Zai zana manhajar sayar da fura mai shafi talatin, inuwa a ƙarƙashin kowane maɓalli, sannan ya miƙa wa mai rubuta kod ya ce, "Kamar haka nake so." Yadda za ta buɗe a wayar da datarta ta kusa ƙarewa, wannan ba huruminsa ba ne.

Sai Gwanin Kwafa. Da can samfurin Bootstrap yake saukewa ya canza suna; yanzu ya samu ChatGPT, aiki ya ƙara sauri. Na ga shafin wata Islamiyya da irinsa ya yi: a sama hoton Turawa huɗu suna dariya a gaban kwamfuta, a ƙarƙashin tarihin makaranta kuma rubutun Latin na cike gurbi, wanda ya manta bai goge ba. Inda ya sa Hausa ma, salon harafin da ya zaɓa ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, sai "Ƙofar Soro" ta fito da akwati a madadin harafin farko. Haruffan Noto na Google suna da su, kyauta, da ya duba. Da aka ce ya ƙara layi ɗaya na ajami, sai ya manne shi a hagu, don bai taɓa jin cewa ana gaya wa shafi rubutu daga dama yake farawa ba.

A ƙarshen aji akwai wata ɗaliba da ba ta cika magana ba. Bidiyo ɗaya take kallo, ta rufe, ta gwada, ya lalace, ta buɗe MDN ta nemo dalili. In ta gama, sai ta miƙa wa mahaifiyarta tsohuwar Itel mai fasasshen gilashi ta ce, "Inna, ki yi odar turare a nan in gani." Inna ta danna, babban yatsanta ya taɓa maɓalli biyu lokaci guda, ta ce, "Ke, wannan abu naki ba ya ji." Yarinyar ta koma ta ƙara wa maɓallan girma, ta rage nauyin hotuna, ta cire rabin kwalliyar. Sarkin Launi ya leƙa aikin ya ce bai haska ba, Mai Satifiket kuma ya tambaye ta ko a ina aka ba ta takarda.