Zuwa Ga Ginin Majalisar Dokokin Sudan Da Ke Omdurman

Ranka ya daɗe,

Ina yi maka sannu da zaman kashe wando. Ni ne ɗan takarar nan da ke jiran ka buɗe ƙofa. Jallabiyar da na ɗinka domin ranar rantsuwa asu ya fara ɗanɗana ta, rawanin kuwa uwargida ta ce in ban naɗa shi bana ba za ta mai da shi labule.

Rabon da a zaɓo maka mutane tun Afrilun 2015, zaɓen da manyan 'yan adawa suka ƙaurace wa, Umar al-Bashir ya tashi da kashi 94 cikin ɗari, jam'iyyarsa ta kwashe kujeru 323 cikin 426. Da aka tumɓuke shi a 2019 aka watse taronku, aka ce cikin kwana 90 za a kafa majalisar riƙon ƙwarya, har da ware wa mata kashi 40. Kwana 90 ɗin nan har yau ba su cika ba. Juyin mulkin Janar Burhan ya riga su zuwa a 2021, yaƙi ya biyo baya ranar 15 ga Afrilun 2023.

Duk da haka ga manufofina, ka adana mini.

Ruwa ne kan gaba. Kana zaune kusa da inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, amma a gefen unguwarmu Umbada sai an tare mai amalanken jaki, an yi cinikin jarka, kafin a ɗora tukunya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa! Ban san ko labari ya iso zaurenka ba, kwalara ta yi ɓarna a jihar Khartum a watan Mayun 2025. Famfo kawai zan yi alkawari, ba gadar sama ba.

Maganar aiki kuwa, saurayi mai digiri ya gaji da tuƙa raksha, wato keke mai ƙafa uku. Su ma mata masu shayi, da murhun gawayinsu da kwalaben citta da soɓorodo a jere kan ɗan akwati, suna so a daina yi musu samame ana kwashe kujerun da suke ci da marayu da su. Batun gida ba sai na yi dogon bayani ba. Jikokin Hausawan da aka tasa daga unguwar Ishash Fallata sun san darajar takardar fili, yanzu kuma rabin gari ya koyi wannan karatu.

Abin da ke hana ni barci shi ne an fara yi mini kutse a sana'a. Da wuta ta yi wuta, matasan unguwanni suka kafa takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka, suka girke manyan tukwane na adas da wake, kowa ya zo da kwanonsa ya bi layi. Ba wanda ya zaɓe su, ba su da fasta ko alawus ɗin zama, kuma sun cika alkawarin da ba su ɗauka ba. In jama'a suka saba da haka, wa zai saurari mai lasifika irina?

Saboda haka ka taimaka ka buɗe kafin a gane ana iya rayuwa babu mu. In kuwa zaɓen ba yanzu ba ne, ka ara wa waɗanda aka rushe wa gidaje zaurukanka su kwana, kujera ɗaya tak za ka keɓe mini kusa da fanka.

Naka mai biyayya,
Ɗan takara mai jiran gawon shanu, Umbada.