Yadda Ake Kai Wa Agwagwa Ƙara

Idan manhajar da kake rubutawa ta ƙi aiki, kafin ka taso abokin aikinka daga kujerarsa, nemi agwagwar roba, irin wadda ake jefa wa yara a bahon wanka. Ajiye ta gefen kwamfuta tana fuskantarka. Yi gyaran murya, ka soma yi mata bayanin abin da ka rubuta, layi bayan layi, a bayyane yadda za ta ji.

Dabarar tana da asali. Andrew Hunt da David Thomas sun kawo ta a littafinsu The Pragmatic Programmer na 1999, kuma a Jami'ar Harvard ana raba wa ɗaliban darasin CS50 agwagi don wannan aiki.

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne ka faɗa mata abin da ke rubuce, ka bar abin da ke ranka. Ido tsallake yake yi, yana ganin abin da mai shi ya yi niyya. Baki kuwa sai ya bi kowace kalma. A Python za ka ce mata: “Nan range(1, 10) zai ƙirga daga 1 zuwa...” sai ka ji harshenka ya tsaya, domin a 9 yake ƙarewa, kai kuma 10 kake jira tun safe. Agwagwa ba ta ce uffan ba, ga kuskure a fili.

Kada ka je mata hannu rabbana. Fara buga pwd ka tabbatar kana inda kake zato, don sau da yawa mutum fayil ɗaya yake gyarawa, kwamfuta tana karanta wani. Bi da tail -f a kan fayil ɗin rahoto, ka karanta mata saƙon kuskuren har ƙarshe, kada ka tsaya a layin farko. In jiya komai lafiya lau yau ya lalace, git bisect zai riƙa raba tarihin aikinka biyu, ya zaƙulo mai laifi cikin sauye-sauye 1,000 a gwaji 10 kacal. Shi za ka gurfanar a gabanta.

A ganina ta fi mutum a wuri guda: ba ta katse ka da cewa ai a tata kwamfutar yana aiki.

Agwagwa mai rai ba ta dace ba. Takan tashi ta yi tafiyarta ana tsakiyar bayani, kuma inda take ruwa ba ya nisa, shi kuwa ruwa ba ya shiri da allon madannai.