Mota Mai Ido Ɗaya

A Domayo ta Maruwa, in ka hango fitila ɗaya tana tahowa bayan sallar isha, kada ka yi saurin cewa babur ɗin ɗan kilando ne. Matsa gefe tukuna. Sau da yawa tsohuwar Carina ce shaƙe da buhunan albasa, ido ɗaya ya mutu tun kafin azumi, mai ita yana jiran a biya kuɗin auduga.

Maganin farko mari ne. Direba ya fito ya kwaɗa wa gilashin tafi biyu. In ta kawo, to dama raini ne. In ta ƙi, sai majalisar mai shayi ta taso gaba ɗaya, kuma wanda ko keke bai taɓa mallaka ba shi ne mai babbar murya: "Alhaji, batir ne!" Wani ya rantse zuwa-zuwar da aka sha jiya ce, wai man Najeriya yana kashe ƙwan fitila.

Wanda nake tausayi shi ne fiyus. Ɗan ƙaramin abu ne cikin roba, ja mai lamba 10, shuɗi 15, rawaya 20, aikinsa guda: ya ƙone kafin waya ta kama wuta. Mu kuwa ragwanci muke kiran wannan. Ya ƙone a sa wani, ya sake ƙonewa a zagi mai shago. Babu mai haƙurin bin waya ya ga inda ta goge ta taɓa ƙarfe, don wannan aikin wuni ne, Alhaji kuma yana sauri. Sai yaron gareji ya yago takardar azurfa daga kwalin taba, ya nannaɗe, ya cusa da tsinke.

"Wannan ba ya ƙonewa har abada, Alhaji."

Gaskiya ya faɗa. Wayoyin ne za su ƙone, da dare, tsakanin Figil da Garwa.

Ƙwan ma da nasa rabon. Kamfani ya ce H4 mai wat 60 da 55, Alhaji ya ce a ba shi mai 100, don ya rama abin da manyan motoci ke yi wa idonsa. Soket ya narke. Yaro ya kama gilashin sabon ƙwai da yatsu duk baƙin mai, alhali ƙwan halojin ba ya son ko maiƙon hannu. In dinamo ke turo wuta fiye da kima, ko goma aka sa haka za su bi juna. Duk da haka hukunci ɗaya ne: kayan Sin ne.

A shingen jandarmomi ne kawai ake tuna mota da ido biyu aka yi ta. Direba ya sauko yana salati, ya dafa ƙirji.

"Yallaɓai, wallahi yanzun nan ta mutu."

Jandarma ya haska tocila, sai ga gizo-gizo ya yi saƙa cikin gilashin, har da ƙudaje biyu a rataye.